Layar Wuyan Saniya

Shafi na 27

Mutanen Funtua da na Malumfashi, na ga saƙonninku, har da mai cewa ta bar miya ta ƙone tana jirana. Ku yi haƙuri, wuta ce ba a kawo mana ba, wayar ta mutu a hannuna ina tsakiyar rubutu. Yau dai ga shi.

*

Da hantsi Farfesa Shafa'atu ta fito tsakar gida riƙe da allon karramawar da jami'a ta ba ta jiya. Ta durƙusa ta ajiye shi a kan tabarmar mahaifiyarsu.

Tsohuwa, kamar yadda kowa a gidan yake kiranta, ta shafa gilashin da tafin hannu. Idonta ya yi rauni, ba ta ganin rubutu.

"Me aka rubuta?"

"Sunana ne, da na Baba. Shafa'atu Shitu Tsiga."

"To, Allah ya sa albarka. Shi kuma Allah ya jiƙansa."

Can gefen rumbu, yayanta Bature yana baza masara a kan leda. Tun da ta dawo gida bai zauna inda take zaune ba.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya."

"Jiya an ajiye maka kujera a sahun gaba. Har aka tashi ba kowa a kanta."

"Ina da aiki."

"Yaya..."

Ya ajiye manjagara, ya juyo.

"Ai na ji a rediyo. An ce masana dubbai sun ambaci sunanki a takardunsu, daga Sin har Jamus. An ce ba a yin maganar ƙwaƙwalwar kwamfuta mai cin wuta kaɗan sai an sako ki. Na ji. To ambaton nan, me ya gyara a Tsiga?"

Ya matso kusa da ita.

"Ki gaya mini. Ɗan Malam Awaisu likita ya zama, ko ba komai yana duba marasa lafiyarmu. Ke fa? Shekara da shekaru kina ƙasar waje, kina leƙen abin da bai kai ƙwayar dawa ba. Gada kika yi mana? Rijiya kika haƙa?"

"Bature," in ji Tsohuwa.

"Ki bar ni in faɗa, Tsohuwa. Ya daɗe yana cina." Ya juyo kan ƙanwarsa. "Ni na riƙe kan Baba a cinyata. Har ya cika yana tambaya ko kin iso Kano."

"Ina cikin jirgi, Yaya. Ka sani."

"Na sani. Amma me ya kai ki nisan da sai da jirgi?"

A ɗakunan taro na duniya Shafa'atu ta amsa tambayoyin da suka fi wannan wuya, amma wannan dabam take. Gaskiyar ita ce, ita ma ta sha yi wa kanta tambayar. Takan rubuta bincike ta sake shi, wasu su ɗauka su wuce da shi, ba ta san inda yake sauka ba.

Sai aka yi sallama daga zaure.

Muryar mace ce, siririya. Kafin a gama amsawa ta shigo, doguwa, ramammiya, da ƙwarya a kanta an rufe da faifai. Ta tsaya tana kallon su ɗaya bayan ɗaya.

"Nan ne gidan Malam Shitu?"

"Nan ne, 'yar nan," in ji Tsohuwa. "Ƙaraso."

"Da maza biyu nake tafe. Suna zaure."

"Bature, shigo da su. Matan gidan duk sun tafi suna, ba kowa sai mu."

Bature ya fita ba don ya so ba. Ya dawo da wani dattijo mai sanda da malafa, da wani matashi mai tabarau, wayarsa a aljihun gaba. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka gaisa. Matashin ya ƙi hawa tabarmar, ya tsuguna a ƙasa gaban Shafa'atu.

"Ranki ya daɗe, ba ki san ni ba. Sunana Injiniya Talha. Ina da ɗan shago a Funtua, bayan kasuwar hatsi. Jiya ina wurin taron, amma mutane sun yi yawa, ban samu isowa gare ki ba."

"Sannu, Injiniya."

"Ni ɗalibin ɗalibinki ne. Dakta Ubaidullahi ne ya koyar da ni a Zariya."

Fuskarta ta ɗan saki.

"Ubaidullahi! Mai gardama. Yana nan lafiya?"

"Yana nan, har yanzu da gardamarsa. Shi ya fara ba mu aikinki mu karanta. Wannan kuma Malam Jibril ne, makiyayi, rugarsu tana yamma da Mahuta. Wannan iyalinsa ce, Suwaiba. Tun da na ce musu kin zo gida, suka ce ko da ƙafa sai sun zo."

"Wurina?"

Suwaiba ta sauke ƙwaryar, ta tura ta gaban Shafa'atu. Nono ne, da curin man shanu yana yawo a kai. Sannan ta kwance bakin zaninta, ta ciro wani abu ta ɗora a kan faifan.

Fata ce aka ɗinke, baƙa, ta sha gumi. Kowa ya gani laya zai ce.

"Hajiya, wannan naki ne."

"Nawa?"

Talha ya ce, "Abin da ke ciki, ranki ya daɗe. Tsarin nan naki da kika sake wa duniya kyauta, wanda kika ce duk mai so ya ɗauka. Shi na ɗauka. Na haɗa shi da ɗan batir irin na agogo da abin nuna wuri, na ba dukawa suka ɗinke a fata. Muna rataya wa shanu a wuya. In an kore su, mu ga inda aka nufa da su."

Shafa'atu ta ɗauki layar tana juya ta a hannu.

"Batirin agogo? Yana kai wata nawa?"

"Na farkon da na rataya sun ga damina biyu. Ban canza ko ɗaya ba."

Bature, da ya koma jikin rumbu ya harɗe hannu, ya ce, "Wayata ma kullum sai na kai ta caji."

"Wayarka ba ta barci ne, Yaya," Shafa'atu ta ce, ba ta ɗago ba. "Ko tana aljihunka tana ta aiki. Ni abin da na yi shekaru ina yi ke nan, koya wa ƙwaƙwalwar inji barci. Ta farka kamar ƙiftawar ido, ta yi abin da aka sa ta, ta koma ta kwanta. Shi ke nan."

"Shi ke nan," Malam Jibril ya maimaita, yana girgiza kai. "Ta ce shi ke nan. Suwaiba, gaya mata."

Suwaiba ta gyara zama. Sannan ta fara.

"Farkon damina ne, an gama shuka. Da la'asar ɓarayin daji suka zo, a kan babura. Maigida ya tafi kasuwar Dandume. Suka kora shanun gaba ɗaya. Ni ina tatsa, suka ce in tashi in bi, wai shanun sun fi jin muryata."

Tsohuwa ta ce, "Innalillahi."

"Muka yi ta tafiya cikin daji. Wayata tun ranar suka karɓe. Ni dai na san Injiniya ya ce layun nan suna magana, amma ban taɓa yarda ba. Abu ba ya ƙara, ba ya haske. Na ce yaudarar 'yan birni ce, maigida ya biye musu."

Talha ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai.

"Da muka isa inda suke zama, sai na ji suna cewa gobe za a raba shanun, a kai wasu gabas wasu arewa, ni kuma a bar ni nan. Na ce to, in shanun suka tafi, maganar ta tafi da su. Da safe suka ce in tatsa musu. Ina tatsar wata, na sa haƙori na tsinke igiyar wuyanta. Na ɗaure layar a ƙuguna, ƙarƙashin zani."

"Ba su gani ba?"

"Ɗayansu ya gani daga baya. Ya ce mene ne. Na ce layar ciwon ciki ce, kakata ta ba ni. Ya yi dariya, ya ce in riƙe, zan buƙace ta."

Ba wanda ya yi motsi a tsakar gidan. Kaji ma sun samu masarar Bature suna ci, bai kore su ba.

"Suka yi ta sauya mini wuri. Yau gindin dutse, gobe cikin kwazazzabo. Na daina sanin ranaku. Abin da na sani, da aka kama ni masara ba ta fito ba, da muka ratsa wata gona daga baya na ga ta yi goyo. Kullum in na kwanta sai in dafa ƙuguna in ce, ke abin nan, in da gaske kina magana, ki gaya wa Jibril ina nan. Wani lokaci in ce ai ta mutu tuntuni. Wace wuta ce za ta kai haka?"

"Ba ta mutu ba," in ji Talha. "Dajin ba sabis sosai. Sai a yi kwanaki shiru. Amma duk ranar da suka hau tudu, ko sabis ɗin na daƙiƙa ɗaya ne, sai ta farka ta aiko. Sai na ga ɗigo ɗaya a taswirar wayata ya rabu da sauran. Shanu suna tafiya tare, wannan yana tafiya shi kaɗai, kuma tafiyarsa ba ta kiwo ba ce. Na ce wa Malam Jibril, wannan ba saniya ba ce."

Malam Jibril ya cire malafarsa ya ɗora a gwiwa.

"Hajiya, mutane sun ce in yi haƙuri in karɓi gaisuwa. 'Yan'uwanta ma sun ce a yi sadaka. Ni kuma kullum ina shagon yaron nan a Funtua, ina zaune a kan benci ina kallon ɗigo. In ya motsa, in ce tana da rai. Da shi muka je wurin jami'an tsaro. Da farko ba su saurare mu ba. Da suka ga ɗigon ya tsaya wuri ɗaya ya daɗe, suka shirya suka shiga."

"Ina daka musu," Suwaiba ta ce, "na ji harbi. Na kwanta a bayan turmi. Sai na ji wani yana kiran sunana. Sunana, Hajiya! A dajin da na ɗauka Allah ne kaɗai ya san ina ciki."

Ta rufe fuska da gefen mayafi. Kafaɗunta suna rawa.

Shafa'atu ta matsa ta riƙe hannunta. Ita ma hawayen ne, ba ta ma share ba.

"Ni ban yi komai ba, Suwaiba. Injiniya ne ya ƙera. Ke kika tsinke igiya da haƙorinki. Ni ina can ina rubutu a takarda."

"Ranki ya daɗe, ki bar faɗin haka," in ji Talha. "Kafin naki na gwada wasu har kala uku. Mafi daɗewa a cikinsu mako guda ya yi ya mutu. Da shi ne a ƙugunta, da tun masara ba ta tsiro ba mun rasa ta. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Akwai wata a Malumfashi da ta sa shi a ma'aunin danshin ƙasa na masu tumatirin rani. Akwai abokina da yake sa shi a akwatin sanyin allurar rigakafi. Dukkanmu daga takardarki muka fara."

Malam Jibril ya ɗaga hannu biyu.

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya jiƙan wanda ya haife ki ya bar ki kika yi karatu. Yadda kika sa aka ga matata a cikin duhun daji, Allah ya haskaka kabarinsa."

"Amin," in ji Tsohuwa, tana shafa fuska. "Amin, amin." Sai ta juya wajen rumbu. "Bature, ka tuna rediyon babanku?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Baƙar nan mai igiya. Kullum sai ya ciro baturan ya jera a kan katanga su sha rana, wai su ƙara ƙarfi. Ana tsakiyar shirin manoma sai ta ɗauke. Ya yi ta bugun ta a cinya. Wannan tana 'yar mitsitsiya ta ce, Baba, me ya sa rediyo take da ci haka? Ya ce, je ki makaranta ki tambayo mana, in kin gano ki dawo ki gaya mini."

"Na tuna," Bature ya ce a hankali. "Ni nake hawa katangar in ɗauko masa."

Ya taho, ya tsuguna kusa da faifan. Ya ɗauki layar, ya auna nauyinta a tafin hannu. Ya daɗe yana kallon ta.

"Wannan ɗan abin."

"Shi ne, Yaya."

"Shi kike yi duk shekarun nan."

"Shi ne."

Ya ja dogon numfashi. Ya dubi Suwaiba, ya dubi ƙanwarsa, idonsa ya kaɗa.

"Da Baba ya ga yau, da ya fi kowa baki a garin nan. Da ba wanda zai sha ruwa a majalisa." Ya ɗan yi dariya. "Shafa'atu, maganar da na yi ɗazu..."

"Bar ta, Yaya. Ta wuce."

"A'a, ba ta wuce ba. Zan faɗa a gaban baƙi, tunda a gaban Tsohuwa na yi. Ban san abin da nake faɗa ba. Ki yafe mini."

"Na yafe. Ni ma ka yafe mini nisan."

Tsohuwa ta ce a kawo ludayi, yau ko ba ta jin yunwa sai ta sha nonon nan. Aka yi dariya. Bature da kansa ya shiga ɗaki ya ɗauko kofuna, ya kori kajin da suka yi dafifi a kan masararsa.

Shafa'atu ta ce, "Shanun fa, Malam Jibril? An same su?"

"An samu mafi yawa, alhamdulillahi. Wasu an tsinke musu layun, sun tafi. Ba na kuka. Mutum aka dawo mini da shi."

"Ni ɗaya ce take ci mini rai," in ji Suwaiba. "Wata farar saniya mai baƙin kunne. Babana ya ba ni ita tana maraƙa, ranar da aka kawo ni ɗaki. Da ita aka fara raba ni."

"Layarta ta yi shiru tun tsakiyar damina," in ji Talha. "Ina jin an shiga da ita can ciki inda ba sabis. Na ma daina dubawa." Ya ciro wayarsa. "Ranki ya daɗe, bari dai in nuna miki yadda abin yake fitowa a taswira. Ban taɓa zaton zan nuna wa mai shi ba."

Ya matso. Shafa'atu ta gyara tabarau, Bature ya leƙo ta kafaɗarta da kofi a hannu.

"Kin ga waɗannan korayen, garken Malam Jibril ne, suna kiwo yamma da Mahuta. Wannan kuma da ke nan Tsiga, layar Suwaiba ce, ga ta a kan faifai. Waɗanda suka yi shiru kuma suna..."

Ya tsaya.

"Lafiya, Injiniya?"

Ya goge fuskar wayar da hannun riga. Ya ƙara girman taswirar da yatsu biyu.

"Ɗigo biyu nake gani a Tsiga."

"Biyu kamar yaya?"

"Ɗaya na kan faifai. Ɗayan..." Ya juya wajen dattijon. "Malam Jibril, na farar saniyar ne. Ya farka. Yau da safe ma ya aiko."

Malam Jibril ya miƙe tsaye, malafar ta faɗi ƙasa.

"Tana Tsiga? Wace unguwa?"

Talha ya sake duba taswirar. Ya ɗago kai daga wayar a hankali, ya dubi katangar da ta raba tsakar gidan da garken baya.

Suwaiba ta bi idonsa. Ta tashi. Ta sa hannu a gefen baki, ta yi wani kira mai tsawo, irin wanda ake yi wa shanu da yamma in za a koma ruga.

Shiru.

Sai daga bayan katangar saniya ta amsa. Ta sake amsawa, tana fizgar igiya har turken yana ƙara.

Kofin hannun Bature ya suɓuce, nono ya malale a kan tabarma.

Tsohuwa ta juyo da fuskarta inda ta ji faɗuwar kofin.

"Bature," ta ce. "Saniyar da ka shigo da ita ranar kasuwa, ka ce kada a gaya wa kowa. Wa ya sayar maka?"